Limfomar Fata a Jikin Masu Daɗaɗɗen Ciwon Fata

Limfomar fata sankara ce da ke tasowa daga fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, waɗanda ake kira limfosit, idan suka taru a fata suna ta hayayyafa ba tsayawa. Ba cuta ce mai yawa ba. Nau'in da aka fi gani shi ne mikosis fungoyides, wanda likitan Faransa Alibert ya fara bayyanawa a 1806.

Wahalar cutar tana wajen gane ta. Da farko tabo ne mai ƙaiƙayi da ɓawo, galibi a ɗuwawu, cinyoyi da sauran wuraren da rana ba ta taɓawa, kuma yana kama da kirci ƙwarai, har mutum kan yi shekaru yana shafa magani kafin a san gaskiyar abin da ke damunsa. A baƙar fata tabon kan yi haske, shi ya sa a Damagaram za a iya ɗaukarsa ƙyasbi ko farkon kuturta, alhali tabon kuturta yakan mutu, ba ya jin taɓi, wannan kuwa yana ji.

Alaƙarta da daɗaɗɗen ciwon fata iri biyu ce. Wani lokaci sankarar ce tun asali aka yi mata kuskuren suna. Wani lokaci kuma daga baya take zuwa, musamman ga masu shan magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, irin su metotireksat da siklosporin. Wasu ƙullutan da metotireksat ya jawo ma kan baje da kansu in likita ya tsayar da shi. Akwai kuma ƙwayar cutar HTLV-1, wadda ake samu a Afirka ta Yamma, ana ɗauka ta nonon uwa, jini ko saduwa: takan sa yaro ciwon fata mai yawan dawowa, kaɗan daga masu ɗauke da ita kuma su kamu da limfoma bayan sun girma.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an yanki ɗan guntun fata an duba a madubin likita, sau da yawa fiye da sau ɗaya, domin gwajin farko kan kasa nunawa. Abin takaici ne a bar tabon da ya ƙi magani, ya yi kauri ko ya zama gyambo, ba a yi wannan gwaji ba, domin wanda aka gano tasa a matakin farko kan yi tsawon rai kamar kowa, da man shafawa na kotizon ko gashin haske na musamman. Idan ta zama ƙari, ana gasa ta da na'ura, aikin da cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara yi a 2021.