Ka'idojin kiɗa ga ɗalibin shekarar farko a kwaleji: tambayoyi da amsoshi

Da me ake farawa?

Da sunayen sautuka, kuma bakwai ne: A, B, C, D, E, F, G, daga nan a sake komawa A. A kan piyano, farin maɓallin da ke hagun baƙaƙe biyu shi ne C. Daga wannan C zuwa C na gaba akwai rabin taki 12, in ka ƙirga fari da baƙi; rabin taki shi ne tazarar maɓalli da wanda ke manne da shi. Tun ranar farko ka riƙe cewa babu baƙin maɓalli tsakanin E da F, haka tsakanin B da C, don haka tazararsu rabin taki ce kawai.

Na iya do-re-mi, ya ishe ni?

Zai taimaki kunnenka, amma bai isa ba. Do yawo yake yi: in waƙa ta zauna a kan G, G ne do, in ta zauna a kan F, F ne do. Haruffa kuwa ba sa motsi. Wasu mawaƙan coci da suka saba da do-re-mi a nan suke tuntuɓe, sun ɗauka C ne do har abada.

Yaya ake karanta layukan nan biyar da ake rubuta sautuka a kansu?

Daga ƙasa ake ƙirga su. Alamar da ke farkon layi ce ke raɗa musu suna. In ta sautukan sama ce, mai naɗe layi na biyu, layukan su ne E, G, B, D, F. In ta sautukan ƙasa ce, mai ɗigo biyu, sai su zama G, B, D, F, A. Wanda bai duba alamar ba zai kira layin ƙasa E alhali G ne, duk aikin ya rushe.

Me ya sa wani tsanin sauti ke da shaf, wani fulat?

Tsanin sauti jerin sautuka ne masu hawa mataki-mataki; shaf na ɗaga sauti da rabin taki, fulat na sauke shi da rabin taki. Tsarin tazara ne ke tilasta amfani da su. Tsanin manjo, wato na do-re-mi, yana hawa da rabin taki kamar haka: 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Fara daga C, farare kaɗai za ka taɓa. Fara daga G, mataki na bakwai zai faɗa kan baƙin da ke saman F, wato F shaf. Fara daga F, na huɗu ya zama B fulat, ba A shaf ba, duk da maɓalli ɗaya ne, saboda kowane harafi sau ɗaya yake fitowa a tsani. Haddar da ba ƙirge, jarrabawar farko take watsewa.

Daga C zuwa E taki biyu ne, me ya sa ake kiran tazarar "na uku"?

Domin da sautin farko ake ƙirgawa: C ɗaya, D biyu, E uku. Rabin taki 4 ne na uku babba, 3 kuma ƙarami.

Mene ne bambancin 3/4 da 6/8, tunda lissafinsu ɗaya?

Lambobin nan ma'aunin bugu ne, suna nuna abin da kowane gida, wato yankin da ke tsakanin layukan tsaye biyu, ke ɗauka. A takarda kowane gida na ɗaukar guntayen sauti shida masu tsawo ɗaya. Wurin nauyi ne ya raba su. A 3/4 ana haɗa su bibbiyu, bugu uku ke nan, nauyi a kan na 1, na 3 da na 5. A 6/8 ana haɗa su uku-uku, bugu biyu, nauyi a kan na 1 da na 4. Gwada da jikinka: ƙafa ta buga biyu, hannu ya tafa uku a lokaci guda. Wanda ya tashi yana jin kalangu da ganguna a gidan biki ya san wannan saɓanin, sunansa ne kawai bai sani ba.

Bahaushe ma yana da wata garaɓasa. Karin waƙarmu a kan gaɓa mai nauyi da mai sauƙi yake tafiya. Furta "kasuwa": doguwa, gajera, doguwa. Ba doguwa bugu ɗaya, gajera rabi, ka rubuta tsawon sauti ke nan.

Atisaye nawa ya kamata?

Minti 20 kullum ya fi awa uku daren jarrabawa. Saita na'urar ƙidayar bugu a kan bugu 60 a minti, ka rera duk abin da ka rubuta kafin ka taɓa piyano, sannan ka buga ka ji inda muryarka ta kauce.