Waiwaye: Yadda sirrin na'ura ke zurarewa ta ɓarauniyar hanya

A Garwa ko Kusiri, mace ba ta buƙatar leƙa gidan maƙwabciyarta kafin ta san abin da za a ci. Ƙarar taɓarya kaɗai ta isa ta gaya mata ko gero ake surfawa ko yaji ake dakawa, daɗewar dakan kuma ya nuna ko an yi baƙi. Da wannan dabarar ake sace sirrin kwamfuta ba tare da an taɓa makullinta ba: a auna wutar da take ja, ko lokacin da take ɗauka, ko igiyoyin maganaɗisu da ke fita daga jikinta. Yau damuwar ta kai ga sababbin cip, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen na'ura, masu yin lissafi a cikin memori, ma'ajiyar bayanai.

Abin ya girmi kwamfutar kanta. A 1943 wani injiniya a Bell Labs na Amurka ya lura cewa injin ɓoye saƙo na soja yana sa wani ma'auni da ke can nesa a ɗakin yin tsalle duk lokacin da aka buga harafi, kuma daga tsallen ana iya karanta saƙon. Daga baya gwamnatin Amurka ta sa wa binciken suna TEMPEST, ta rufe bakinta a kai shekaru da dama. A 1985 Wim van Eck, ɗan ƙasar Holan, ya nuna wa duniya cewa da eriya da akwatin talabijin da aka ɗan gyara ana iya ganin abin da ke kan allon kwamfutar wani daga waje.

Wanda ya tayar da hankalin bankuna shi ne Paul Kocher. A 1996 ya nuna cewa bambancin lokacin da na'ura ke ɗauka wajen lissafi yana tona mabuɗin sirri. A 1999, shi da Joshua Jaffe da Benjamin Jun suka wallafa hanyar da ta fi muni: a tara ma'aunin wutar da kati ke ja sau dubbai, a tace da ƙididdiga, mabuɗi ya fito. Irin cip ɗin da suka gwada ɗan'uwan wanda ke cikin katin banki ne da layin wayar da muke tura kuɗi da shi ta Orange Money ko Airtel Money. Masu ƙera katuna suka koyi darasi, suka riƙa cakuɗa lissafi da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi. Sai ga wasu sababbin hanyoyin kai hari, Rowhammer a 2014, sai Spectre da Meltdown a watan Janairun 2018, aka gane cewa ciwon ya kai har cikin manyan kwamfutoci.

To ina lissafi a cikin memori ya shigo? Tun tsarin da John von Neumann ya rubuta a 1945, rumbu daban yake, turmi daban: bayanai suna ajiye a memori, a kwaso su zuwa inda ake lissafi, a mayar. John Backus ya koka da wannan ƙuncin hanya a 1977. Yau ɗauko lamba ɗaya daga memorin waje yana cin wuta fiye da sau ɗari na abin da tara lambobi biyu ke ci, kuma ƙirƙirarriyar basira ba ta da aiki sai kai-komon miliyoyin lambobi. Shi ya sa aka ce a shigar da turmin cikin rumbu. Leon Chua ya yi hasashen memrista, wata ƙwayar lantarki mai tuna wutar da ta bi ta cikinta, a 1971, kamfanin HP ya sanar da ƙera ta a 2008, Samsung kuma ta fito da memori mai lissafi da kansa a 2021. Wanda ya taɓa biyan kuɗin cajin waya a shagon mai sola saboda an ɗauke wuta kwana biyu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin na'urar da ba ta shan batir.

Amma dakan cikin rumbu ya fi tona asiri. A irin wannan cip ɗin, lambobin da basirar ta koya suna zaune ne a ƙwayoyin memori, kuma wutar da ke bi ta kowane layi ta dogara kai tsaye da waɗannan lambobi da kuma bayanin da aka shigar, ko bugun zuciyar mara lafiya ne ko zanen yatsa. Wanda ya iya auna wutar ya kama hanyar sanin duka biyun. Tun 2019 Lejla Batina da abokan aikinta suka nuna ana iya gano tsarin basirar da ke cikin ƙaramar na'ura daga igiyoyin da take fitarwa. Tsohon maganin katin banki kuma bai zauna daidai a nan ba, don dubban lissafi ake yi a lokaci guda, kuma samar wa kowanne lambar ɓad-da-sawu zai cinye wutar da aka ce an rage.

A 2024 masu bincike na MIT da IBM, ciki har da Maitreyi Ashok da Anantha Chandrakasan, suka fito da cip mai kariya uku. Ana farfasa bayani gida-gida ta yadda babu kason da ke da ma'ana shi kaɗai. Ana ɓoye lambobin da ke ajiye a waje, kada a tsotse su a kan hanya. Mabuɗin kuwa ba a ajiye shi ko'ina, ana tsamo shi ne daga ƙananan bambance-bambancen da ƙwayoyin memori ke fitowa da su daga masana'anta, kamar zanen yatsa. Sun ce cip marar kariya ya tonu da ma'auni kusan 5,000, mai kariyar kuwa miliyoyi ba su tona shi ba. Sun kuma amsa cewa ya fi girma, ya fi shan wuta, saboda haka ya fi tsada.

Nan ne abin ya shafe mu. Kayan da ke isowa kasuwannin Marwa da Injamena mafi yawa araharsu ce ke sayar da su, kuma kariyar da ido ba ya gani ita ce mai ƙera kaya zai fara yankewa. Harin kuma yana son a riƙe na'urar a hannu, mu kuwa wayoyinmu kan kwana a teburin mai caji, su wuce ta hannun mai gyara, a sayar da su na hannu sau biyu ko uku. Ban ce mai gyaran unguwa yana da kayan auna wuta ba. Sai dai na'urar da ɗalibai ke koyon irin wannan hari da ita, ChipWhisperer, a fili ake sayar da ita a intanet.