Na'urar Ajiye Lambobi da Alƙawura Mai Sauƙin Kuɗi: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Na daɗe ina zaune a teburin gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma babu makon da zai wuce ba tare da wani ya tsaya a gabana yana neman ƙaramar na'urar da za ta riƙe masa lambobin mutane, ta tuna masa alƙawari, ta ajiye masa lissafi, kuma kada ta ci masa kuɗi ba. Tambayoyin iri ɗaya ne, fuskokin ne kawai ke canzawa. Na tattara su a nan domin wanda ya sake zuwa in nuna masa ya karanta, ni kuma in ci gaba da aikin da ke gabana.

Har yanzu ana samun irin dayarin nan na Casio mai madannai, ko Palm mai tsinken rubutu?

Zamaninsu ya wuce, Malam. Kamfanin Psion na Ingila ya fitar da tasa na'urar a 1984, Apple ya kawo Newton a 1993, Palm ya zo da Pilot a 1996, wadda ke aiki da ƙananan batura biyu ana rubutu a gilashinta da tsinke. Kamfanin HP ya saye Palm a 2010, ba a jima ba kuma sunan ya ɓace daga kasuwa. BlackBerry ma, da manyan ma'aikata ke alfahari da ita, an kashe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Wayar da ke aljihun yaron shagonka tana yin duk abin da waɗancan suka yi.

Na tarar da tsohuwar Casio a akwatin mahaifina, kuma tana kamawa. Zan iya amfani da ita?

Za ka iya, idan kana son abin tunawa da shi, Allah ya jiƙansa. Amma ka sani yawancin irinsu batir iri biyu gare su: na aiki, da na riƙe abin da aka ajiye. Idan ka cire su gaba ɗaya a lokaci guda, duk sunayen da marigayi ya shekara yana shigarwa sun tafi, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su, ko a nan ko a kasuwar waya ta Titin Beirut da ke cikin Kano. Ka kwafe abin da ke ciki a takarda tukuna, sannan ka canza baturan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗora mata harkar kasuwancinka, domin ranar da madannanta suka daina amsawa ba za ka sami kayan gyaranta ba.

Nawa ne kuɗin mai kyau?

Ba zan faɗi farashi ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, kuɗin da na faɗa maka ranar Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba, kuma ni za ka zo ka kira maƙaryaci. Ka zaga shago uku ka tambaya, ka kuma tambayi kuɗin sikirin ɗin wayar idan ya fashe, domin wannan ne farashin da mutane ba sa tambaya sai ranar da ya same su.

To wace zan saya?

Ka sayi wayar Android mafi sauƙi da ke da batir mai ƙarfin 5000 (a kwali ana rubuta shi 5000mAh) da ma'ajiyar da ba ta gaza gigabait 64 ba. Tecno da itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, saboda haka musun da samari ke yi a kan wace ta fi a cikinsu bai dame ni ba. Abin da ya sa nake ambatonsu shi ne kayan gyaransu sun cika kasuwar nan. Ƙananan Samsung da Redmi ma suna yi. Ajiye lamba da tunatarwa da ɗan rubutu ba aiki ne mai nauyi ba, kuma wanda ya ce maka sai ka sayi mai kyamara huɗu kafin ka iya rubuta ranar ɗaurin aure, aljihunka yake kallo.

Ƙaramar waya mai madannai ba za ta isa ba?

Za ta isa ga wanda bukatarsa lambobi ne da ƙararrawar tashin asuba da kalkuleta, kuma tana kwanaki ba a yi mata caji ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaune a unguwar da wutar KEDCO ke leƙowa ta koma. Aibinta ɗaya ne: idan ta faɗi a cikin adaidaita sahu, ta tafi da duk abin da ke cikinta.

A ina ya kamata in ajiye lambobin mutane, a layi ko a waya?

Ba a ko ɗaya ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin na amsa ta ya fi a ƙirga. Layi ba ya ɗaukar fiye da suna ɗari biyu da hamsin a mafi yawan lokuta, yana yanke dogon suna, kuma idan ya ɓace ka je ofis aka maido maka da lambarka, sabon katin da za a ba ka babu suna ko ɗaya a cikinsa. Ƙwaƙwalwar waya kuwa tana mutuwa tare da wayar. Ka ajiye su a asusun Google ɗinka, ka tabbatar wayar tana tura su can, ta yadda ranar da ka sayi wata, da ka shigar da adireshin imel ɗinka za su sauko. Wannan ba ya cin data mai yawa, Hajiya, kada ki ji tsoro. Bidiyon biki ɗaya da aka turo miki ya fi shi ci nesa ba kusa ba.

Ina da shago a Kantin Kwari, kuma littafin bashina ya cika ya yage. In mayar da shi cikin waya?

A nan sai na yi a hankali, Alhaji, domin amsar ta danganta da irin cinikinka da irin mutanen da ke kewaye da kai, kuma ba zan so in ba ka shawarar da za ta raba ka da dukiyarka ba.

Akwai abin da waya ta fi littafi a kansa, babu musu. Idan mai ɗaukar kaya daga Maraɗi ya kira ka da dare yana tambayar saura nawa, ba sai ka jira gari ya waye ka buɗe shago ba. Kana iya neman suna ka same shi nan take, maimakon buɗe shafi hamsin. Kana iya saka tunatarwa ta buga ranar da aka yi alƙawarin biya. Kuma mu da muka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 mun san abin da wuta ke yi wa takarda: mutane sun rasa kaya, sun kuma rasa shaidar kuɗin da suke bi a waje, wanda a wurin wasu ya fi kayan yawa. Rubutun da aka tura asusun intanet wuta ba ta cin sa.

Sai dai rubutun waya yana da wani rauni da mutane ba sa lura da shi, wato ana gyara shi ba tare da ya bar alama ba. A littafi, idan aka goge dubu ɗari biyar aka mayar da ita hamsin, ido zai gani. A waya kuwa, yaron da ka miƙa wa ita ya duba maka saƙo yana iya cire sifili ɗaya, kai ma da kanka yatsanka yana iya zamewa, kuma babu abin da zai nuna. Ban ce yaranka maciya amana ba ne. Na ce kada ka bar ƙofar da za ta sa ka zargi wanda bai yi ba. Sannan idan rigima ta kai gaban shugabannin kasuwa ko gaban alƙali, wanda kake bi zai ce kai ka rubuta abinka a wayarka, shi bai sa hannu a ko'ina ba. Gaskiya ne Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da bayanan da aka ciro daga kwamfuta da makamantanta, amma da sharuɗɗan da sai lauya ya tsara maka, kuma a kotun shari'ar Musulunci abin da za a fara nema shi ne shaidu ko iƙirari, tun da hujja tana kan mai da'awa ne, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ba ta tsaya a rubutu ba, ta haɗa da kafa shaidu. Waya ba ta ɗauke maka wannan ba.

Akwai kuma manhajojin da aka yi musamman don lissafin bashi, waɗanda samari ke tallatawa. Wasunsu suna da kyau a ido, amma ka yi wa kanka tambaya: idan kamfanin ya rufe, ina lissafinka zai kwana? Na taɓa ganin wani ɗan kasuwa da ya zuba cinikin shekara guda a irin wannan manhaja, wata rana ta ƙi buɗewa, ya zo wurina yana gumi a cikin sanyin hunturu, ni kuwa babu abin da zan iya yi masa, domin bayanan ba a wayarsa suke ba. Saboda haka kafin ka amince da kowace manhaja, ka gwada ko tana barin ka fitar da lissafin gaba ɗaya ka buga shi a takarda. Idan ba ta bari, ka rabu da ita.

Abin da ni zan yi, da ni ne kai, shi ne in riƙe duka biyun, ko da yake na san aiki biyu ne. Babban bashi ya zauna a sabon littafi mai bango mai ƙarfi, da sa hannun mai ɗauka da sunan shaida. Kowace Alhamis da yamma a ɗauki hoton shafukan da aka rubuta a makon, a tura su asusun Google. A waya kuma a riƙe taƙaitaccen lissafi da ranakun biya kawai. Ƙananan basussuka na yau da gobe, irin na maƙwabcin da ya ɗauki yadi biyar zai kawo da la'asar, su waya ta ishe su. Wannan tsarin ba zai dace da kowa ba: mai sayar da hatsi a Dawanau da ke hulɗa da mutum goma manya ba daidai yake da mai kanti a unguwa da ke bin mutum ɗari ƙananan kuɗi ba, kuma na biyun watakila ya fi bukatar waya fiye da littafi. Kai ka san kasuwarka fiye da ni.

An rubuta 4+4 a kwalin wayar. Takwas ke nan?

Huɗu ne, wato gigabait huɗu na RAM, ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da aiki da ita. Sauran huɗun aro ne daga ma'ajiyar wayar, kuma ba su da saurin na asali. Ga aikin da kake so, huɗun sun wadatar.

Ta hannu fa, wadda suke cewa daga Landan ta zo?

Ba na hana ta, amma ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka tabbatar an rubuta ta a rasit tare da sunan shagon. Ka sa mai sayarwa ya goge wayar a gabanka, ka kuma shigar da naka asusun kafin ka miƙa kuɗi, domin wayar Android da aka goge ba tare da an cire asusun mai ita na farko ba takan kulle ta nemi kalmar sirrinsa. Wadda aka miƙo maka a bakin titi babu kwali babu rasit, da farashin da ya yi daɗi da yawa, ka bar ta. Araha ba ta ado, kuma ranar da aka biyo sawun wayar sata, wanda aka same ta a hannunsa ake fara kamawa.

Kalandar wayar tana nuna watan Musulunci daidai?

Tana kusantowa, amma lissafi take bi, yawanci na Ummul Ƙura na Saudiyya, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira bayan an ga wata. Saboda haka takan saɓa da kwana ɗaya. Idan an sa ɗaurin aure bayan Sallah da kwana uku, ka jira a sanar da Sallar sannan ka saka tunatarwa.

Zan iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ?

Za ka iya. Ka shiga saitin madannan Gboard ka ƙara Hausa. Ka yi hakan, don kada ka rubuta "kasa" alhali "ƙasa" kake nufi.

Batir ɗina ya kumbura cikin wata takwas. An cuce ni ne?

Watakila, amma na fi zargin inda kake ajiye ta. A watan Afrilu zafin Kano yana wuce digiri 40, kai kuma ka bar waya a gaban gilashin mota ko a kan janareta tana caji da cajar da ka saya a danja. Batir ba ya jure zafi. Wanda ya kumbura a canza shi yau, kada a soke shi, kada kuma a kwana da shi ƙarƙashin matashi. Idan ƙurar hunturu ta toshe wurin caji, ka kawo a share, kada ka tura allura.

Yaron da ya buɗe mini asusun Google ya tafi, ban san kalmar sirrin ba. Yaya zan yi?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace zuwa teburina, kuma ita ce wadda ta fi sauƙin kaucewa. Idan wayar tana hannunki tana aiki, Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a rasa komai ba tukuna. Ki zo da ita tare da layinki, a duba ko lambarki ce aka ɗaura wa asusun. Idan ita ce, za a turo lambar tabbatarwa a canza kalmar sirri a gabanki. Idan ta yaron ce, sai a fitar da lambobin duka zuwa fayil ɗaya, a buɗe miki sabon asusu da lambarki, a zuba su. Daga nan ki rubuta adireshin da kalmar sirrin da biro, da hannunki, ki ajiye takardar inda kike ajiye takardun gida, kuma kada ki bari kowa ya goge wayar kafin a gama wannan aikin, ko da ya ce miki ta yi nauyi ne.