Rejim: kalmar da ke sa mai jego kwana da yunwa

Tun kafin zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na Oktoban 2025 kalmar rejim ta cika mana kunne a Garwa. A rediyo ana cewa rejim ya daɗe, a majalisar shayi ana musun ko zai canja, ga kuma masu tallar ganyen rage ƙiba a WhatsApp suna kiran hajarsu shayin rejim. Duk wannan bai hana ni barci ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne rejim ɗin da mace ke dawowa da shi daga asibiti a rubuce a takarda, ga jariri a hannu.

Kalmar Faransanci ce, régime, su ma Faransawa gadonta suka yi daga Latin, daga wata kalma mai nufin jan ragama da tafiyar da abu bisa ƙa'ida. Shi ya sa kalma ɗaya ta ɗauki gwamnati ta kuma ɗauki abinci. Da Hausa tsari za mu ce: tsarin mulki, tsarin ci. Babu yunwa a asalinta ko kaɗan, don wanda ake so ya yi jiki bayan doguwar jinya shi ma rejim ake sa shi. Amma a bakinmu ta koma hani zalla. Da an ce "an sa ta a rejim", abin da gida ke ji shi ne a janye mata kwano.

Na ga haka da idona a kan matar ƙanena. Jininta ya hau a watan haihuwa, Allah ya sauke ta lafiya, aka sallamo ta da magani da takarda mai ɗauke da kalmomi uku, régime sans sel, wato tsarin ci ba gishiri. Goggonmu ce ta zo yi mata wankan jego, kuma wallahi don ƙauna ta yi duk abin da ta yi. Ta cire gishiri. Sai ta ce nama ma yana hawar da jini, ta cire. Kifi ya bi baya, ƙwai ya bi, gyaɗa kuwa ai mai ce. Ranar da na shiga ɗakin, kwana goma sha biyu da haihuwa, na tarar da yarinya ta jingina da bango, leɓenta a bushe, jariri na ta tsotso, a gabanta malmalar tuwon dawa da miyar kuɓewa tsararo. A gefe ga ƙaton kwano an rufe da faifai. Na buɗe, kunun kanwa ne, safe da yamma take shanye shi.

Na ce, "Goggo, wannan kunun fa?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, kanwa ce ke kawo nono. Da ita aka shayar da ku duka. Gishiri likita ya hana, bai ce kanwa ba."

Da na leƙa madafa na ga bawon dunƙule biyu kusa da murhu. Miya ta yi lami, sai aka gyara ta da magi, tunda shi ma ba gishiri ne sunansa ba.

A nan ruɗanin yake, kuma shi ke ƙona mini rai. Abin da likita ke gudu a cikin gishiri wani sinadari ne mai suna sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. Kanwar da ake haƙowa a ƙasar Kanem da gefen Tafkin Chadi, wadda ake lodowa fala-fala zuwa kasuwanninmu, cike take da shi. Faransawa natron suke ce mata, kuma duk yaron da ya yi kimiyya a makaranta ya san alamar sodiyam ita ce Na. To daga sunan natron aka samo wannan alamar. Wato sinadarin da ake gudu, sunan kanwa ma yake ɗauke da shi. Dunƙule kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi mai lafiya ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ke nan, balle mai hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Daga baya likitocin Kano sun kawo wasu dalilan, har da rashin abinci mai gina jiki, don haka ba kanwa kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Sai dai matar ƙanena ta haɗa biyun: ga kanwa, ga yunwa.

Mai shayarwa ba kamar kowa ba ce a wajen rejim. A watanni shidan farko jikinta na fitar da nono kimanin mililita 750 kowace rana, kuma tana bukatar ƙarin kalori wajen 500 a kan abin da ta saba ci, kusan ƙarin cin abinci guda. In ba ta samu ba nonon ba ya tsayawa nan take, daga jikinta ake ɗiba, shi ya sa za ka ga jariri ɓul-ɓul uwa kuwa tana jiri in ta miƙe. Wasu abubuwan kuma, irin su sinadarin aidin da bitamin A, in sun yi ƙaranci a cikinta sai su yi ƙaranci a nonon. Don haka ni a ganina duk wanda ya cire wa mai jego abu bai sa wani a gurbinsa ba, bai yi rejim ba.

Kuma abin sawa ba ya wuyar samu a nan. Ɗanyen kifin kogin Binuwai da na tafkin Lagdo babu wanda ya hana mai hawan jini, wanda aka busar da gishiri ne abin kiyayewa. Wake, ƙwai, riɗi, kindirmo, gyaɗar da ba a soya da gishiri ba, zogale, yakuwa, duk nata ne. Miya ba gishiri tana ciwuwa in ta ji albasa da tafarnuwa da citta da daddawa, a matsa lemon tsami a kai. Tambaya ɗaya ce ya kamata a yi wa likita kafin a bar asibiti: ragewa ko dainawa? Sau da yawa ragewa ake nufi, kuma ɗan gishirin da za a sa ya zama mai aidin, domin ƙwaƙwalwar jariri na bukatarsa.

Mai ciwon suga ma haka ake mata. A hana ta tuwo, a bar ta da shayi mai kauri kofi uku da sukari har ƙasa, alhali shayin ne ya kamata ya fara tafiya, ga shi yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙara jini in an sha shi kan abinci. Shayin rage ƙiba kuwa, wanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ba na mai shayarwa ba ne.

Washegari muka koma asibiti da Goggo, don na san daga bakina ba za ta karɓa ba. Ma'aikaciyar ta zaunar da ita ta ce, "Inna, kanwa da magi da gishiri 'yan ɗaki ɗaya ne. Kifi kuwa ki ba ta har ta ture." Goggo ta yi shiru, ta ce to da me za a dama kunu? Aka ce da tsamiya, ko a yi na gyaɗa. A hanyar komawa ita da kanta ta tsayar da mu a kasuwa, ta zaɓi karfasa biyu manya, tana ɗaga kunnensu tana duba ja.