Rawar Zamani ta Dandamali

Rawar zamani ta dandamali reshe ce ta fasahar rawa da ta taso a Amurka da Turai cikin ƙarni na 20. A cikinta jiki ne ke faɗin abin da ke zuci: kewa, tsoro, fushi, ko marmarin kusantar wani. Ba ita ce rawar finafinan Hausa ko ta gidan biki ba, ko da yake a bakin jama'a duk "rawar zamani" ake ce musu. Wannan ba ta da takun gado da kowa ya sani. Mai tsara rawar ne ke ƙirƙiro motsin, wani lokaci ma babu kiɗa sam, sai numfashin 'yan rawa da ƙarar tafin ƙafa.

Asali

Ta fara ne da bijire wa rawar bale, tsohuwar rawar dandamali ta Turawa mai tsauraran ƙa'idoji. Isadora Duncan (1877–1927) ta tuɓe takalmi ta yi rawa da ƙafa a ƙasa. Martha Graham (1894–1991) ta gina salonta a kan numfashi: ciki ya takure kamar na wanda aka yi wa mummunan albishir, sannan ya saki. Merce Cunningham (1919–2009) ya raba rawa da labari, har yakan jefa kwabo don zaɓen motsin da zai biyo baya. Ita kuwa Pina Bausch, wadda ta karɓi ragamar ƙungiyar rawa ta birnin Wuppertal a Jamus a 1973, tambayoyi take yi wa 'yan rawarta kan rayuwarsu, daga amsoshin ta haɗa wasa. A 1972 Steve Paxton ya ɓullo da salon da mutum biyu ke jingina da juna, kowa na karɓar nauyin ɗan'uwansa ba tare da shiri ba.

A Afirka sunan da ya fi fice shi ne Germaine Acogny, wadda ta shugabanci makarantar koyon rawa ta Mudra Afrique da aka buɗe a Dakar a 1977. A Najeriya akwai Qudus Onikeku da cibiyarsa ta QDance a Legas.

Ɗan rawa da ɗan kallo

Nan ne gishirin fasahar yake. Tun shekarun 1930 John Martin, mai sharhin rawa a jaridar New York Times, ya yi bayanin cewa mai kallo ba da ido kaɗai yake kallo ba, jikinsa ma yana amsawa. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji kafaɗarsa ta motsa lokacin da aka kai naushi ya san abin da ake nufi. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda aka yi a Landan kan ƙwararrun 'yan rawar bale da na kafuwera, wasan Brazil mai haɗa rawa da dabarun faɗa, ya nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi sun fi aiki idan mutum na kallon rawar da jikinsa ya iya.

Saboda haka masu tsara rawar kan rage tazara. Sukan zaunar da jama'a dab da fili, ɗan rawa ya haɗa ido da mutum guda ya ƙi kawar da kai, ko a maimaita faɗuwa ɗaya har mai kallo ya ƙosa, sannan tausayi ya kama shi. Ba kullum dabarar ke ci ba. Akwai wasannin da ake tashi kowa na tambayar na kusa da shi me aka yi.

A Zariya

A Zariya ana koyar da rawa a matsayin darasi a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda Michael Etherton ya jagoranci fara karatun wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970. Gidan wasan sashen ginin ƙasa ne mai fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili, wanda Steven Ehrlich ya zana a wancan zamanin. Mai kallo a nan yana iya ganin gumin ɗan wasa.

Kusancin da Turawa suka sha wahalar nema, Bazazzagi gadonsa ya yi. A dandali da'ira ake yi, 'yan mata na gaɗa, wadda ta faɗo a cafe ta, makaɗin kalangu na bin ƙafar mai rawa, a yi guɗa, a yi kirari, a yi liƙi. Abin da ke baƙo ga irin wannan ɗan kallo shi ne shiru: a ce ya zauna, kada ya tafa, kada ya shiga fili. Haka kuma haɗa jiki tsakanin namiji da mace a bainar jama'a abin ƙi ne ga akasarin mutanen gari, don haka salon Paxton ba ya shiga nan yadda yake, sai dai maza da maza ko mata da mata.