Mene ne "kan bel", kuma me ake nufi da na oda?

Idan ka tsaya gaban mai sayar da bel a Kasuwar Barci ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, za ka ji ana cewa "fatar tana da kyau, amma kan ba shi da ƙarko." Kan bel shi ne ƙarfen nan da ke bakin bel, wanda ke riƙe ɗaya bakin idan an ɗaura. Mai babbar riga da zariyar wando ba ruwansa da shi. Amma ga ma'aikacin banki, ɗan makaranta, ko saurayin da ya yi zanzaro, shi ido ke fara sauka a kai.

Wanda kowa ya sani shi ne mai tsinke: zobe mai kusurwa huɗu da ɗan tsinke da ke shiga ramin fata. Ba ya lalacewa da wuri, domin babu abin lalacewa a jikinsa. Aibinsa ɗaya, tsakanin rami da rami kusan inci guda ne, sai ka ga wannan ya matse ka, na gaba kuma ya yi sako-sako, ƙarshe a nemo ƙusa a huda sabo. Wannan ne ya sa otomatik ya samu kasuwa. Shi ba rami, haƙoran roba ne jere a bayan fatar, kusan rubu'in inci tsakaninsu, kan yana kama su ƙas-ƙas, akwai ɗan maɓalli da ake dannawa ya saki. Daɗin sawa kam ba a magana, musamman bayan an tashi daga kan tuwo. Sai dai ranar da sifirin ɗin ciki ya mutu, gyaransa wuya.

Akwai mai juyawa, na bel ɗin da ke baƙi a gefe guda ruwan ƙasa a ɗaya gefen. Akwai na bel ɗin zare irin na masu kaki da 'yan bautar ƙasa, inda wani ƙaramin sandan ƙarfe ke danne zaren a cikin akwatin kan. A Kaduna, garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA tun 1964, wannan ba baƙo ba ne.

Na oda kuwa yawanci mai faranti ne, wato faffaɗan ƙarfe da ƙugiya a bayansa, saboda shi ke da filin rubutu. Mutum ya ce a sa masa harafin farko na sunansa, ko tambarin ƙungiya, ko dagin Arewa. Hanya biyu ake bi. Ko a ɗauki kan da babu komai a kai a zana da injin leza, wanda ya fi sauri da araha, ko a yi zubi: a danna samfuri cikin yashi mai laima ya bar gurbinsa, a narka ƙarfe a zuba, idan ya huce a goge shi da magagari. Irin aikin da maƙeran Panteka ke yi wa tukwanen sanholo ke nan, kuma Nufawan Bida sun daɗe da suna a aikin tagulla.

A nan ne ake cutar mutane. Yawancin kawunan da ke ƙyalli, har da masu kwaikwayon H na Hermès da GG na Gucci, tutiya ce aka shafa wa launin zinariya. Gumi na taɓa shi sai ya fara ɓarewa, wani ma ya karye daga wajen ƙugiya. Ka juya bayansa ka ɗan kankara: idan rawaya ya fito tagulla ce, idan toka-toka ya fito shafe ne. Masu samun ƙaiƙayi da ƙuraje ƙasan cibiya, sau da yawa sinadarin nikel da ke cikin shafen ne sanadi.

Kafin ka ba da oda, auna faɗin fatarka. Na wandon ofis galibi milimita 35 ne ko ƙasa, na jins 38 zuwa 40, kuma kan da bai yi daidai da faɗin ba, zai riƙa tauna gefen fatar. Malamai sun hana namiji sa zinare, don haka masu kuɗin ma azurfa ko tagulla suke nema. Kada kuma a rubuta sunan Allah ko aya a kai, tunda da shi ake shiga banɗaki. Masu suna irin Abdullahi ko Abdurrahman gara su tsaya a harafin farko.