Ja-da-ajiyewa a Darussan Intanet

Ja-da-ajiyewa dabara ce ta sarrafa kwamfuta ko waya, inda mutum ke danne wani abu a fuskar na'ura, ya ja shi zuwa wani gurbi, sannan ya sake shi. Masu tsara darussan intanet na amfani da ita wajen gwada fahimtar ɗalibi, kamar a ce ya kai sunan Gumel ko Rano wurinsu a taswira, ko ya jera matakan alwala bi da bi. A karkarar Kano da Jigawa, inda ɗalibai da dama ba su da na'urar da ta wuce wayar hannu, dabarar kan kawo cikas.

Tarihi

Asalinta na haɗe da linzamin kwamfuta, wanda Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a a Amurka a 1968. Akan danganta farkon jan gumaka, wato ƙananan hotunan da ke wakiltar fayil ko manhaja a fuskar kwamfuta, da binciken kamfanin Xerox a wajen tsakiyar shekarun 1970, ko da yake marubuta sun saɓa kan wanda ya fara. Kwamfutar Macintosh ta 1984 ce ta yaɗa ta. A shafukan intanet kuwa, Microsoft ya saka ta a burauzar (manhajar buɗe shafukan intanet) Internet Explorer 5 a 1999, kuma wannan tsarin ne ya shiga HTML5, ƙa'idar rubuta shafukan intanet da aka tabbatar a 2014. Abin lura, an gina shi ne don linzami da babban allo, tun kafin wayoyin shafawa su yaɗu, kuma daga nan yawancin matsalolin yau suka samo tushe.

Shekaru da yawa ana haɗa irin waɗannan darussa da Flash, wata manhaja ta kamfanin Adobe mai kunna abubuwa masu motsi a shafukan intanet. Da Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, tsofaffin darussa da dama suka daina buɗuwa. Manhajar koyarwa ta intanet mai suna Moodle, wadda ta fito a 2002, ta shigar da tambayoyin ja-da-ajiyewa cikin ainihin tsarinta a 2015. Akwai kuma wasu manhajojin haɗa irin waɗannan darussa, kamar H5P da Articulate Storyline da Adobe Captivate.

Matsaloli da gano su

Ƙorafin da aka saba ji shi ne ɗalibi ya ja abu, sai shafin ya gangara ƙasa, abin kuma yana nan inda yake. Wayar ce ta ɗauki motsin yatsa a matsayin gangarar da shafi, kuma maganinsa na hannun mai tsarawa: ya hana gangarawa a kan abin da ake ja. Idan abu ya ja amma ya ƙi zama, ya koma mazauninsa, yawanci wani hoto ko akwatin rubutu ne ya rufe gurbin ta sama, ko gurbin ya ƙanƙance da shafin ya matse a ƙaramar fuskar Tecno ko itel.

Burauza ma na da nata. Opera Mini, da ake so saboda tattalin data, tana sarrafa shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ta turo shi idan an kunna matsanancin tattali, don haka jan abu ba ya aiki a ciki. Kafin a taɓa darasin, ya kamata a fara gwada shi a Chrome.

Wani lokacin laifin ba na darasin ba ne sam. Da hunturu yatsu kan bushe har fuskar waya ta ƙi jin su sosai. Tsagaggen gilashin kariya kan katse jan a tsakiya, caja mara kyau kuma, musamman a shagon mai caji da ke kan janareta, kan sa waya ta riƙa danna kanta. Malamin da ya san haka zai sa a cire caja a goge fuskar tukuna.

Haruffan ɓ, ɗ da ƙ kan fito a matsayin akwatunan banza idan salon rubutun da aka zaɓa bai ƙunshe su ba, sai ɗalibi ya kasa bambance "kafa" da "ƙafa" a katin da zai ja. Wannan sakaci ne da bai kamata a yi wa mai koyo da Hausa ba. Akwai kuma ɓacewar maki idan sabis ya ɗauke kafin sakamako ya isa rumbun bayanan makaranta.

Madadi

Ƙa'idar WCAG 2.2 ta Oktoban 2023, wadda ta shafi sauƙaƙa amfani da intanet ga masu buƙata ta musamman, ta buƙaci duk aikin da ake yi da ja ya sami wata hanyar da ba sai an ja ba, misali a taɓa abu sannan a taɓa gurbinsa, sai dai in jan ya zama dole. An yi ta ne don masu larurar hannu, amma tana amfanar mai tsohuwar waya.

Masana ilimi ba su daidaita ba kan ko ja-da-ajiyewa na ƙara fahimta fiye da tambayar zaɓi.